Na'urar Sikanin Ba Ta Gani, Lissafi Take Yi

Kusan kowace na'urar sikanin da ke aiki a duniya, daga ta babban asibitin koyarwa har zuwa 'yar ƙaramar da aka ajiye a ɗakin bayan kemis, a kan lamba ɗaya aka gina ta: 1540. Injiniyoyi sun tsayar da cewa sauti yana tafiyar mita 1540 a sakan ɗaya a cikin naman jikin mutum. Na'urar takan aika ɗan guntun sauti cikin jiki, ta yi shiru, ta ƙirga lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo. Kowace santimita ɗaya ta zurfi, zuwa da dawowa, tana cin kimanin kashi 13 cikin miliyan na sakan. In amsar ta dawo bayan kashi 130, sai na'urar ta ce abin yana zurfin santimita 10, ta ɗiga masa farin ɗigo a wurin. Daga irin wannan ƙirge, sau dubbai a kowane sakan, ake samun kan jaririn da uwa ke kallo a allo.

Jama'a sun ba wannan abu irin amanar da suke ba kyamara. Da zarar takarda ta fito da ɗan hoton baƙi da fari manne a jikinta, magana ta ƙare: ciki wata kaza ne, akwai ƙari ko babu, a yi aiki ko kada a yi. Alhali babu hasken da ya shiga cikin, babu idon da ya leƙa. Abin da ke allon sakamakon jerin lissafi ne, kowane mataki da zaton da aka ɗora shi a kai, kowane zato kuma da ranar da yake karyewa. Yanzu da na'urorin suka yawaita a Kano da Kaduna da Maraɗi da Damagaram, har ana yin sikanin a cikin unguwanni, batun ya wuce na injiniyoyi kaɗai. Ya shafi mai sayen na'ura da kuɗin jama'a, da mai ba da lasisi, da wanda ke riƙe da ita a kan cikin mai juna biyu.

Kan na'urar, wato abin da ake gogawa a jiki, yana ɗauke da jerin 'yan ƙananan sassa, sau da yawa 128 ko fiye. In an ba su lantarki sukan yi karkarwa, in sauti ya buge su kuma sukan haifar da lantarki. Wa da ƙane Faransawa, Jacques da Pierre Curie, su suka gano wannan ɗabi'a a jikin wasu duwatsu a 1880. Kunnen ɗan Adam yana tsayawa a karkarwa 20,000 a sakan. Kan da ake duba ciki da shi yana yin kimanin miliyan uku da rabi. Fiye da kashi 99 cikin 100 na lokacinta na'urar sauraro take yi. Abin da take ji kuwa bai yi kama da jariri ko hanta ba ko kaɗan. Igiyar lantarki ce siririya mai hawa da sauka, ɗaya daga kowane sashe, cike da hayaniya.

Asalin abin ma daga masana'anta ya fito. A 1955 Ian Donald, likitan mata a birnin Gilasgo, ya kwashi wasu ƙari da aka ciro daga cikin marasa lafiya ya kai masana'antar tukwanen tururi ta Babcock & Wilcox, inda ake da na'urar gano tsaga a cikin ƙarfe. So yake ya ga ko za ta bambance ƙari mai tauri da mai ruwa, ta kuwa bambance. Shi da injiniya Tom Brown da likita John MacVicar suka buga sakamakonsu a mujallar The Lancet a 1958. Tun kafin su, a 1953, likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz a garin Lund na Suwidin sun aro irin wannan na'ura daga masu ƙera jiragen ruwa suka saurari zuciya da ita. A duka wuraren biyu, mai sanin jiki da mai sanin sauti a ɗaki ɗaya suka yi aikin.

Kafin igiyoyin nan su zama hoto sai an haɗa kansu. Amsar da ta taso daga ɗigo ɗaya a cikin hanta tana isa sashen da ke kusa da ita kafin ta isa na gefe. Kwamfutar takan jinkirta kowace igiya gwargwadon ratar tafiyarta, sannan ta tara su gaba ɗaya. Abin da ya fito daga ɗigon da ake nufi sai ya haɗu ya yi ƙarfi, na sauran wurare kuma ya kashe juna. Haka ake yi wa kowane zurfi a kowane layi. Duba mai zurfin santimita 15 yana cin kimanin kashi 200 cikin miliyan na sakan a layi ɗaya, layi 128 ke nan suna ba da hoto kusan 40 a sakan. Shi ya sa in an ƙara zurfi ko faɗi, motsin yakan fara tsinkewa.

Sannan nama yana shanye sauti. Amsar da ta taso daga zurfin santimita 10 ta rasa ƙarfi kimanin ninki dubu uku kafin ta dawo, ko da abin da ta buga iri ɗaya ne da wanda ke daf da fata. Don haka na'urar takan ƙara wa amsoshin da suka makara murya, gwargwadon makararsu. Jerin 'yan maɓallan nan shida ko takwas da ake turawa hagu da dama a jikin na'urar aikinsu ke nan, kowanne yana riƙe da wani zurfi. Daga nan a shafe hawa da saukar igiyar a bar tsayinta kawai, a matse tazarar da ke tsakanin amsa mafi ƙarfi da mafi rauni, wadda takan kai ninki miliyan, cikin matakan ruwan toka 256 daga baƙi zuwa fari. George Kossoff da mutanensa a birnin Sidni na Ostireliya ne suka buɗe hanyar ruwan tokar nan a wajajen 1970. Kafin nan zane ne kawai na iyakokin gaɓoɓi, cikinsu wayam.

A shiga ɗakin sikanin da safe a ga wannan ilimi a hannun wadda ta san shi. An ja labule, an rage fitila. Ma'aikaciyar ta matsa jel mai sanyi a kan cikin, domin ko siririyar iska ce ta ratsa tsakanin kan na'urar da fata, kusan duk sautin juyowa zai yi. "Hajiya, kin sha ruwan da aka ce? To, ɗan juya ta hagu. Ja numfashi, riƙe." Hannunta na dama yana kan ciki, na hagu bai huta ba. Ta rage zurfi, ta sauke inda na'urar ke mai da hankali zuwa daidai abin da take nema, ta ja maɓalli biyu na ƙasa baya saboda bayan mafitsarar ya yi fari fiye da kima. Uwar mijin da ta yi rakiya tana daga bakin ƙofa tana cewa, "Likita, mace ce ko namiji?" Ita kuwa hankalinta yana kan inda mabiyiya ta kwanta, ko ta tare bakin mahaifa.

Farin nan na bayan mafitsara zato ne ya karye. Na'urar ta ɗauka duk inda sauti ya bi nama ne da ya shanye shi, don haka ta ƙara wa amsar murya. Fitsari kuwa kusan bai shanye komai ba, ƙarin ya yi yawa. Wanda ya fahimci dalilin, da ya ga irin wannan fari a bayan wani ƙullutu ya san ruwa ne a cikinsa. Tsakuwa a matsarmama ko a ƙoda akasin haka take yi: takan tare sautin, bayanta ya zama baƙar inuwa, inuwar ce ma shaidar. A cikin kitse sauti yana tafiyar kimanin mita 1450 ne, ƙasa da abin da na'urar ta zata, saboda haka abin da ke ƙarƙashin kitse mai kauri yakan fito da ɗan nisa fiye da inda yake, ya kuma yi dishi-dishi. Wani lokaci sauti yakan yi karo da tantanin da ya raba ciki da ƙirji ya karkata, sai wani abu da ke cikin hanta ya bayyana sau biyu, na biyun a wajen huhu inda babu shi. Na'urar ba ta san karkata ba. A wurinta duk amsar da ta makara daga nesa ta fito. Likitan Faransa Daniel Lichtenstein ya nuna a 1997 cewa wasu fararen layuka da ke saukowa daga saman huhu, waɗanda a da ake ɗauka shirmen na'ura ne, alama ce ta ruwa a naman huhun. Masani yana karanta waɗannan kurakurai ya ciro cuta daga cikinsu. Wanda aka koya wa danna maɓalli kawai yana iya rubuta ƙarin da babu shi, a kwantar da mace a yanka.

Haka nan tsaki-tsakin da ke cika hoton hanta ko tsoka. Dubban abubuwa ƙanana ne da suka fi ƙarfin na'urar ta rarrabe suke mayar da amsa a tare, wasu su ƙarfafa juna, wasu su kashe juna, kamar yadda Christoph Burckhardt ya bayyana a 1978. Kamfanoni suna gasar goge shi: a ɗauki hoto daga kusurwoyi da yawa a haɗa, ko a sa manhaja ta lailaye. Hoton yakan yi kyau, kyan kuma yana sayar da na'ura. Sai dai haɗa kusurwoyi yana rage inuwar bayan tsakuwa, lailayewa kuma tana iya tafiya da ƙaramin tabo, shi ya sa gwani kan kashe kwalliyar in ya yi shakka. Masu duba zuciya kuwa sun mai da tsakin abin aiki. Tunda tsarinsa yana bin naman duk inda ya motsa, kwamfuta kan bi sawunsa daga hoto zuwa hoto ta auna yadda kowane yanki na tsokar zuciya ke matsewa. A ƙasar da likitocin Zariya suka bayyana yawan raunin zuciyar masu jego tun shekarun 1970, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranci rajistar masu cutar a faɗin Najeriya, awon zuciya da sauti abin buƙata ne na yau da kullum. Cutar kanta da lamba ake tabbatar da ita: zuciyar da ke fitar da ƙasa da kashi 45 cikin 100 na jinin da ke babban ɗakinta a kowane bugu.

Inda lissafin ya fi nuna darajarsa kuwa, ko hoton gaɓa ba a buƙata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titi tirela ta wuce tana hon ya ji yadda muryar ke da kaifi tana tahowa, ta yi kauri da ta wuce. Christian Doppler ya bayyana ƙa'idar a 1842, Shigeo Satomura na Osaka a Japan ya fara gwada ta a kan zuciya da jijiyoyi a shekarun 1950. Ƙwayoyin jini masu tahowa wajen kan na'urar suna mayar da sauti da karkarwa ɗan sama da wadda aka aika, kuma daga bambancin ake fitar da saurin jinin. In an aika miliyan biyu, jinin kuma yana gudun mita biyu a sakan kai-tsaye zuwa ga na'urar, bambancin kimanin 5,200 ne, wanda ya faɗo cikin abin da kunne ke ji. Shi ne fuu-fuu ɗin da ke fita daga lasifika.

Fitar da wannan lamba jan aiki ne. Amsar jini rarrauna ce ƙwarai in aka gwada ta da ta bangon jijiya da naman kewaye, waɗanda su ma suna ɗan motsi. Dole a tace masu ƙarfi masu tafiyar hawainiya a zubar, a bar raunana masu sauri. In matatar ta yi tsauri sai ta haɗa da jinin da ke tafiya a hankali, jijiya mai aiki ta fito kamar ta toshe. Abin da ya rage a cakuɗe yake, domin jinin tsakiyar jijiya ya fi na gefe gudu. Ana warware shi da lissafin Joseph Fourier, wanda James Cooley da John Tukey suka fitar masa da gajeriyar hanya a kwamfuta a 1965, sai kowane sauri ya tsaya a matsayinsa, a zana su suna hawa da sauka tare da bugun zuciya. Ja da shuɗin da ake gani a wasu hotuna daga wata dabarar suke, wadda Chihiro Kasai da abokan aikinsa na kamfanin Aloka suka fitar a shekarun 1980. A al'ada ja na nufin jini mai tahowa, shuɗi mai tafiya, ba ruwansu da jini mai kyau ko marar kyau, ko da yake da yawa daga marasa lafiya haka suke fassara su.

Ga inda wannan ya shigo gidajen Hausawa kai-tsaye. Najeriya na sahun gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, ana ƙiyasta kimanin 150,000 a shekara. In ba a yi rigakafi ba, kusan ɗaya cikin goma na masu nau'in SS yakan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20. Jijiyar ƙwaƙwalwa ce ke tsukewa sannu a hankali, kuma tun kafin yaro ya faɗi jini yakan ƙara gudu a inda ta tsuke. Ƙashin kai yana tare sauti, amma a gefen kai, sama kaɗan da gaban kunne, akwai wuri mai siranta da sauti mai karkarwa miliyan biyu ke iya ratsawa. Nan ake ɗora kan na'urar. Binciken da Robert Adams ya jagoranta a Amurka, wanda aka buga a 1998, ya kafa iyakar: ƙasa da santimita 170 a sakan babu damuwa, 170 zuwa 199 a sa ido, 200 zuwa sama hatsari. Yara 130 masu lambar hatsari aka raba gida biyu. Cikin waɗanda ba a riƙa yi wa ƙarin jini ba, 11 suka shanye. Cikin waɗanda aka riƙa yi wa, ɗaya tak.

Ƙarin jini duk wata har tsawon shekaru abu ne da ya fi ƙarfin mafi yawan iyaye a Arewa, ga kuɗin ga neman jinin. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, cikinsu har da Shehu Abdullahi da Najibah Galadanci, tare da Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada ƙwayar haidiroksiyuriya a madadinsa. Gwajin da suka yi a Kano da Kaduna a kan yara 220 masu lambar hatsari, wanda aka buga a 2022, bai nuna bambanci ba tsakanin miligiram 10 ga kowane kilo na nauyin yaro da miligiram 20, kuma a duka ɓangarorin shanyewar ta yi ƙasa ƙwarai da abin da aka sani ga yaran da ba a yi wa komai ba. Aiki ne da duniya ta karanta daga Kano.

Amma duk nasarar a kan lambar take tsaye, lambar kuma a hannun mai awo take. Lissafin Doppler yana ba da cikakken sauri ne kawai in sautin ya bi jijiyar a miƙe. In ya kauce da digiri 30, jinin da ke gudun 200 zai fito 173, yaron da ya kamata a fara wa magani a ce a sa masa ido kawai. Shi ya sa mai awon kan zauna a wajen kan yaron tana matsar da kan na'urar kaɗan-kaɗan, tana sauya zurfi milimita biyu-biyu, kunnenta na farautar inda fuu ɗin ya fi kaifi. "Ɗan Baba, kar ka yi barci, kalli Umma," domin barci yana sauya gudun jinin ƙwaƙwalwa, haka ma zazzaɓi. In kuma saurin ya wuce abin da yawan aikawar na'urar zai iya kamawa, kan zanen yakan guntule ya leƙo ta ƙasa, kwamfuta ta bi guntulallen ta ba da ƙaramar lamba. Wanda bai san dalili ba haka zai kwafe ta a takarda ya sa hannu. Aikin Kano da Kaduna ya nuna cewa malaman jinya ma suna iya wannan awo, muddin an horar da su an kuma riƙa gwada awonsu da na gwani.

Yamai tana da nata tarihin a wannan fage. A watan Oktoban 1996 masana suka taru a can ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya don daidaita yadda ake duba ɓarnar tsargiya a mafitsara da ƙoda da hanta. Abin da ya tara su shi ne mutum biyu su duba mafitsara ɗaya su rubuta abu biyu. Suka tsara yadda za a ɗora kan na'urar, da abin da za a auna, da makin kowace alama. Har yau da sunan birnin ake kiran ƙa'idar.

Akwai wani sakamako da ya kamata masu raba na'urori a bikin ƙaddamarwa su sani. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai juna biyu sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Shawara ce mai tushe, domin a farkon ciki awon shekarun ɗan tayi yana kaucewa da kwana biyar zuwa bakwai ne, a watannin ƙarshe kuwa kaucewar takan kai mako uku. Sai dai babban gwajin da aka buga a 2018, wanda aka yi a karkarar Kwango da Kenya da Zambiya da Pakistan da Gwatamala a kan haihuwa kusan 47,000, ya gano cewa kai sikanin ƙananan asibitoci bai rage mutuwar iyaye ko ta jarirai ba, duk da an horar da ma'aikatan. Gano matsala daban, samun mota da jini da ɗakin tiyata daban. Abin da ya bambanta aikin sikila na Kano shi ne lambar tana da abin da ke biye da ita: in ta kai 200, ga ƙwaya, ga ranar dawowa.

Sai lafiyar na'urar kanta, wadda kusan ba mai tambaya. Wani bincike da aka buga a 2009 ya gwada kawunan na'ura 676 da ake aiki da su a asibitoci 32 na Suwidin, ya tarar kusan kashi 40 cikin 100 suna da lahani. In wasu sassa sun mutu hoton ba ya ɓacewa. Tara igiyoyin da lailayewar manhaja suna rufe giɓin, sai dai hoton ya ɗan dusashe, awon Doppler kuma ya iya raguwa. In haka lamarin yake a Suwidin, ina ga na'urar gwanjo da ta tsallako teku, ta sha zafi da ƙura da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa? Gwajin ba shi da wuya. Akwai akwatin gwaji mai zaruruwa a tazarar da aka sani, a ɗora kan na'urar a ga ko za ta faɗi tazarar daidai. Akwai ma na kyauta: a ɗaga busasshen kan a iska a duba layukan saman allo, duk inda duhu ya ratsa su sashe ne ya mutu.

Yanzu kuma ga na'urorin aljihu. Butterfly iQ, wadda ta samu izini a Amurka a 2017, a jikin waya ake jona ta. A wani gwaji da aka buga a 2024 a kan mata 400 a Lusaka ta Zambiya da Arewacin Karolina ta Amurka, ma'aikatan da ba su taɓa koyon sikanin ba sun goga kan na'ura a ciki bisa wasu layuka, ƙirƙirarriyar basira ta faɗi shekarun cikin da matsakaicin kuskuren kwana 3.2, ƙwararru kuma 3.0. Abin murna ne ga ƙauyen da ba shi da ko likita. Amma manhaja abin da aka nuna mata ta sani. Jadawalin Hadlock da na'urori da yawa ke ƙiyasta nauyin ɗan tayi da shi daga matan birnin Houston na shekarun 1980 aka ciro shi, kuma ba kowane mai amfani da shi ya san haka ba. Sabon lissafin ya fi tsohon ɓoye zatonsa, don haka ya fi buƙatar wanda zai gwada shi a kan matan Katsina da Tawa kafin a sakar masa ragama.

Wani zai ce ma'aikatan lafiya sun yi kaɗan, layi ya yi tsawo, ba lokacin koyar da ilimin sauti ba ne. Ba wanda ya ce ungozoma ta zama injiniya. Abin da ake nema kaɗan ne: ta san dalilin inuwa da fari, ta san kusurwa tana rage lamba, ta san lokacin da za ta ce ba ta gamsu ba a sake dubawa. Kwas na 'yan kwanaki da takardar shaida ba ya ba da wannan, sai aiki a gaban gwani da bibiya bayan an koma gida. A ɗaya ɓangaren kuma, ɗaliban injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero suna koyon lissafin Fourier a allo, ga asibitocin koyarwa na jami'o'insu cike da na'urorin da ke aiki da shi dare da rana. Gwajin kawunan na'ura na jiha guda aiki ne da sashe ɗaya zai iya ɗauka, ɗalibai su samu abin bincike, asibitoci su san halin kayansu.

Masu sa hannu a kwangilar sayen na'ura su ne a gaba wajen alhaki. Kwangilar da ba ta ƙunshi horo da akwatin gwaji da kuɗin sauya kan da ya lalace ba, rabin kaya aka saya. Hukumomin da ke yi wa ma'aikatan hoto rajista su ma su riƙa leƙa ɗakunan unguwa, su tambayi wanda ke riƙe da na'urar ina ya koya. Ƙa'idar likitocin jini ta ce a auna jijiyar kan kowane yaro mai SS sau ɗaya a shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Kwamishinan lafiyar da ke son sanin inda jiharsa ta kwana sai ya nemi a kawo masa adadin yaran da aka auna bara, da adadin ma'aikatan da suka iya awon a wajen babban birni, da ranar da aka yi wa kowace na'ura gwaji na ƙarshe.